Darasin Kasuwanci: Daga Dakuwa da Kantu Zuwa Sandar Kuzari, Damar da Ke Gaban 'Yan Kasuwar Udubo da Ƙasar Katagum

A shekarar 2000, kamfanin Nestlé ya biya dalar Amurka miliyan 375 ya sayi wani kamfani mai suna PowerBar, wanda wani ɗan gudun famfalaki, Brian Maxwell, ya kafa tare da abokan aikinsa a birnin Bakili na jihar Kalifoniya a 1986. Haka kuma a 2022, kamfanin Mondelez ya sayi kamfanin Clif Bar a kan dala biliyan 2.9. Hajar da waɗannan kamfanoni biyu suka yi suna da ita iri ɗaya ce, wato wani ɗan dunƙulen abinci mai siffar sandar sabulu, wanda nauyinsa bai cika wuce giram 50 zuwa 70 ba, wanda 'yan tseren keke da masu gudun dogon zango suke sa wa a aljihu suna ci a kan hanya. Wannan shi ne abin da za mu kira sandar kuzari a cikin wannan darasi.

Duk wanda ya karanta jerin kayan haɗin da ke bayan ledar irin wannan sanda zai tarar da hatsi da sukari ko zuma, da gyaɗa ko danginta, da busassun 'ya'yan itace, da ɗan gishiri. Akasarin waɗannan abubuwa ana noma su, ko ana samunsu cikin sauƙi, a garin Udubo da ke ƙaramar hukumar Gamawa ta Jihar Bauchi, da sauran garuruwan ƙasar Katagum. Gero da dawa da gyaɗa da riɗi na daga cikin manyan amfanin gonar yankin. Amma yawancin riɗin da manoma suke samu, ɗanyensa ake ɗurawa a buhu a kai manyan kasuwanni irin su Dawanau a Kano da Maigatari a Jigawa, daga nan kuma a fitar da shi zuwa Japan da Sin da Turkiyya. Ribar sarrafawa takan faɗa aljihun wasu ke nan.

Wannan darasi zai duba abin da jikin mai aikin wahala yake bukata, da yadda kayan marmarinmu na gargajiya suka dace ko suka saɓa da wannan bukata, da kuma matakan da ɗan kasuwa zai bi idan yana son ya shiga wannan sana'a da ƙaramin jari.

ABIN DA JIKI YAKE ƘONAWA

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masana abinci sun kasa abin da ke bai wa jiki ƙarfi gida uku. Na farko shi ne sitaci da sukari, waɗanda ake haɗa su a kira su kabohaidiret. Na biyu maiƙo. Na uku furotin, wato sinadarin gina jiki. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, na furotin ma kalori 4, amma giram ɗaya na maiƙo yana ba da kalori 9.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma sama-sama zai ɗauka cewa maiƙo ya fi komai amfani ga mai gudu. Lamarin ya sha bamban da haka. Maiƙo kamar itacen kirya ne, yana daɗewa yana ci amma ba ya saurin kamawa, ga shi kuma yana jimawa a ciki kafin ya narke. Sukari kuwa kamar karan dawa ne, da an sa wuta ya kama. Yayin da mutum yake tafiya a hankali, jikinsa yana dogara sosai da kitsen da ya tara. Da zarar ya ƙara sauri, sai jiki ya koma kan sukari.

Jiki yana ajiye sukari a cikin tsoka da hanta a wata siffa da ake kira gilaikojin. Wannan rumbu ƙarami ne. A jikin baligi bai cika wuce giram 500 ba, wato kimanin kalori 2,000, kuma gudu mai tsanani yakan cinye mafi yawansa cikin minti 90 zuwa sa'a biyu. Wasu masu bincike 'yan ƙasar Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman, su ne suka fito da wannan al'amari fili a shekarun 1960, bayan sun riƙa auna tsokar masu tuƙa keke. Wannan ne dalilin da ya sa masu gudun famfalaki, wanda tsawonsa kilomita 42.195 ne, sukan ji ƙafafunsu sun yi nauyi, kansu ya ɗauki jiri, idan sun kai wajen kilomita 30. Manomin da ya fita huɗa tun asuba ba tare da ya karya kumallo ba ya san irin wannan galabaita da hantsi.

Saboda haka shawarar da masana harkar wasanni suka tsaya a kanta ita ce kamar haka. Idan motsa jiki bai kai sa'a ɗaya ba, ruwa kawai ya wadatar. Idan ya kai sa'a ɗaya zuwa biyu da rabi, ana bukatar giram 30 zuwa 60 na sitaci da sukari a kowace sa'a. Idan ya zarce haka, ana iya kai wa giram 90 a sa'a, da sharaɗin a haɗa sukari iri biyu, wato gulukos da furuktos, domin kowannensu da ƙofar da yake bi ya shiga jini daga hanji. Zuma da dabino duka suna ɗauke da nau'o'in biyu a halittarsu. Bayan an gama kuma, jiki yana bukatar furotin kimanin giram 20 zuwa 25 tare da sitaci, domin gyara tsoka da sake cika rumbu.

Akwai kuma batun gishiri. A zafin bazara irin na arewacin Bauchi, inda ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, mai gudu yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a sa'a guda, kuma gishiri yana fita tare da gumin. Don haka sandar da aka yi domin wannan yanki tana bukatar ɗan gishiri a cikinta, kuma dole a ci ta da ruwa.

BA TSADA CE KE BA DA ƘARFI BA

Yana da kyau ɗan kasuwa ya san cewa babu wani sirri a cikin kayan da ake shigowa da su daga waje. A 1953, ayarin da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suke ciki, waɗanda suka fara hawa ƙololuwar dutsen Ebares, sun tafi da wata alewa ta ƙasar Ingila mai suna Kendal Mint Cake, wadda kusan sukari ce zalla da ɗan na'ana'a. A 2012 wani bincike da aka gudanar a jihar Karolaina ta Arewa a Amurka ya gwada ayaba da lemon 'yan wasa a kan masu tseren keke na kilomita 75, aka tarar ba su bambanta ba wajen saurin kammala tseren. Mashahuran 'yan gudun ƙasar Kenya kuwa, binciken da aka yi kan abincinsu ya nuna cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin da suke samu daga sitaci da sukari yake fitowa, musamman tuwon masara da shayi mai madara da sukari.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na sandar Lärabar, wadda wata mata, Lara Merriken, ta fito da ita kasuwa a birnin Denba na Amurka a 2003. Tushen haɗinta dabino ne da aka kirɓa da 'ya'yan itace masu maiƙo, ba tare da ƙarin sukari ba. A 2008 kamfanin General Mills ya saye ta. Macen da ta iya kirɓa dakuwa a turmi ba za ta ga wani abin mamaki a wannan haɗi ba.

Abin da masu sayen sandar kuzari suke biya wa kuɗi abu huɗu ne: awo tabbatacce, da tsabta, da daɗewa ba tare da lalacewa ba, da sauƙin ɗauka. A nan ne aikin ɗan kasuwarmu yake.

AWON KAYANMU NA GIDA

Guzuri tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da alhazan da suka bi hanyar ƙasa ta Borno da Sudan zuwa Makka, da makiyayan da suke wuni a daji irin na gandun kiwon Udubo, duk sun san abincin da ba ya nauyi kuma ba ya saurin lalacewa. Ga yadda manyan kayan haɗi suke a kowane giram 100, bisa ga jadawalin abinci da masana ke amfani da shi.

Dabino busasshe: kalori kimanin 280, sitaci da sukari giram 75, maiƙo ƙasa da giram ɗaya.
Zuma: kalori kimanin 300, sukari giram 82.
Gero: kalori kimanin 380, sitaci giram 73, furotin giram 11, maiƙo giram 4.
Gyaɗa: kalori kimanin 570, furotin giram 26, maiƙo giram 49.
Riɗi: kalori kimanin 570, furotin giram 18, maiƙo giram 50.

Idan aka ɗora kayan marmarinmu a kan wannan sikeli, za a ga kowanne da inda ya fi dacewa. Kantun riɗi da hallaka-kwabo suna da kalori mai yawa, amma maiƙonsu ya yi yawa ga wanda yake tsakiyar gudu, ga kuma tauri da ke wahalar da mai haki wajen tauna. Dakuwar aya tana da laushi da daɗin ci, sai dai aya tana da tusa da maiƙo, kuma barkonon da wasu ke sa wa yana iya tayar da ciki. Ƙuli-ƙuli ya fi gyaɗar kanta yawan furotin tun da an matse mai daga cikinta, don haka wurinsa bayan an gama wasa. Gumba da fura suna da sitaci mai kyau, amma damshinsu ba ya barinsu su kwana biyu. Wadda ta fi kusa da sandar 'yan tsere ita ce nakiya, domin shinkafa ce da zuma ko sukari, kuma an san ta da daɗewa. Da za a rage mata man shanu da yaji, a yanka ta bisa awo, da an samu haja.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, haja ɗaya ba za ta biya bukata biyu ba. Ɗan kasuwa yana bukatar ya fito da iri biyu, kowanne da sunansa da launin ledarsa.

IRI NA FARKO: TA CIKIN GUDU

Wannan ita ce mai yawan sukari da sitaci, mai ƙarancin maiƙo da dusa. Ga misalin haɗin kilo ɗaya: dabino da aka cire wa ƙwallo aka kirɓa, giram 400; garin gero da aka surfa aka soya sama-sama, giram 350; zuma ko narkakkiyar mazarƙwaila, giram 150; soyayyen riɗi, giram 95; gishiri, giram 5. Ana iya sa ɗan garin citta ko kanumfari domin ƙamshi. A haɗa a kirɓa har ya kama jikinsa, a shimfiɗa a tire mai faɗi, a danne da kyau, a yanka gida 20.

Bisa lissafi, kowace sanda mai giram 50 za ta ba da kalori kimanin 170, da sitaci da sukari giram 30 zuwa 35, da maiƙo giram 3, da furotin giram 3. Wato sanda ɗaya zuwa biyu a sa'a sun cika awon da masana suka faɗa. Surfen gero yana da muhimmanci, domin dusa tana jinkirta narkewa, kuma tana iya sa mai gudu murɗawar ciki. Wanda ya ga dama yana iya maye gurbin gero da garin shinkafa.

IRI NA BIYU: TA DOGON WUNI

Wannan ta dace da wanda ya gama wasa, da kuma wanda aikinsa na wuni ne amma ba na gudu ba, kamar manomi da makiyayi da direban doguwar tafiya da ɗan dako. Misalin haɗin kilo ɗaya: soyayyar gyaɗa da aka niƙa, giram 400, riɗi, giram 150, garin gero, giram 200, zuma ko mazarƙwaila, giram 245, gishiri, giram 5. Kowace sanda mai giram 50 za ta ba da kalori kimanin 230, da furotin giram 8, da maiƙo giram 14, da sitaci da sukari giram 22. Idan aka maye rabin gyaɗar da tunkuza ko garin ƙuli-ƙuli, furotin zai ƙaru, maiƙo ya ragu, kuɗin haɗi ma ya sauka, domin an riga an sayar da man daban.

Waɗannan alƙaluma na lissafin takarda ne. Kafin a buga su a jikin leda, wajibi ne a kai samfuri ɗakin gwaji a auna. Sassan kimiyya na manyan makarantu, irin su Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, da Jami'ar Bayero da ke Kano, wurare ne da ɗan kasuwa zai fara neman shawara.

SAUƘIN AMFANI

Mai tseren keke hannu ɗaya gare shi na buɗe leda, mai gudu kuma yana haki, bakinsa a bushe. Don haka ledar tana bukatar ɗan tsagi a gefe wanda za a ja ta yage nan take. Sandar ta kasance mai laushi, ba mai ruɓushewa ta zube a aljihu ba, ba kuma mai danƙo da zai liƙe a haƙori ba. Wasu masu sana'ar sukan tsaga ta gida biyu ko uku tun kafin a liƙe, domin a ci loma-loma.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukunci. Wasu sandunan waje ana lulluɓe su da cakulan, wanda ke narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba. A rumfar ɗan tireda a Azare cikin watan Afrilu, irin wannan haja ba ta da rana. Wannan fifiko ne ga haɗin gida. Amma shi ma yana da abokan gaba uku. Damshin damina yana kawo fumfuna. Iskar hunturu tana busar da sanda ta koma kamar dutse. Zafi da iska kuma suna sa man gyaɗa da na riɗi su canja wari da ɗanɗano. Maganin duka ukun shi ne leda mai kauri wadda iska ba ta ratsa ta, wadda aka liƙe da injin liƙe leda, a kuma ajiye kwalaye a inuwa, a bisa katako, nesa da bango saboda kiyashi. Kada ɗan kasuwa ya yi ƙiyasin ranar lalacewa da ka. Ya ware samfuri daga kowane aiki, ya ajiye a shago, ya riƙa buɗe ɗaya duk mako yana rubuta abin da ya gani.

Akwai kuma ƙa'idar da ya kamata a rubuta wa mai saye: ɗan wasa ya fara gwada sabon abinci a lokacin atisaye, kada ya bari sai ranar gasa.

BABBAR BARAZANA: GUBAR FUMFUNA

Idan akwai abin da zai iya rusa wannan sana'a dare ɗaya, to gubar afalatoksin ce. Wata irin fumfuna ce ke haifar da ita a jikin gyaɗa da masara, musamman idan fari ya kama shuka a ƙarshen damina, ko aka shanya amfani a ƙasa, ko aka ɗura shi a buhu bai gama bushewa ba. Ba kullum ake ganinta da ido ba, kuma suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Tana lalata hanta, tana haddasa sankarar hanta, an kuma danganta ta da tsumburewar yara. A 2004 ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya ta hanyar gurɓatacciyar masara. Ƙasashen Tarayyar Turai ba sa karɓar gyaɗar ci da gubar cikinta ta wuce kashi 4 cikin biliyan.

Akwai wata al'ada da ya wajaba mai wannan sana'a ya guje mata, wato sayen ƙwailar gyaɗa da fasasshiya don araha, da tunanin ai niƙa ta za a yi. A irin wannan gyaɗa ce gubar ta fi taruwa, kuma idan an matse mai, mafi yawanta a cikin tunkuza take zama. Araha ba ta ado. A sayi gyaɗa mai kyau, a tsince duk wadda ta motse ko ta canja launi ko ƙwari suka huda, a zubar. Wanda yake da hali ya ƙulla yarjejeniya da manoma tun daga gona: su cire gyaɗa a kan kari, su shanya a kan tamfol. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe, wanda ake watsa kilo 10 a kowace hekta mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, kuma yana rage gubar ƙwarai.

Haka nan a kula da riɗi da dabino. Riɗi yana zuwa da yashi da tsakuwa, sai an rairaye an wanke an shanya a wuri mai tsabta. Dabino kuwa a riƙa tsaga shi ana duba tsutsa. Kada a karɓi hatsin da aka adana da maganin ƙwari na feshi. Irin wannan ganganci ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015.

DOKA DA RAJISTA

Duk abincin da aka ƙunshe aka sa wa suna domin sayarwa yana ƙarƙashin kulawar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa bisa doka mai lamba 15 ta 1993. Matakin farko shi ne rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Daga nan sai a tanadi ɗakin aiki na musamman, dabam da madafar gida, mai daɓen da ke wankuwa, da raga a tagogi, da ruwa mai tsabta, kafin jami'ai su zo dubawa. Takardar jikin leda ta ƙunshi sunan haja, da jerin kayan haɗi, da nauyi, da ranar yi da ranar lalacewa, da lambar aiki, da adireshin mai yi.

A rubuta ƙarara cewa akwai gyaɗa da riɗi a ciki, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarsu, har abin yakan kai ga rasa rai. Tun daga watan Janairun 2023 dokar Amurka ta wajabta bayyana riɗi a jikin kowane abinci. Kazalika a guji da'awar cewa sandar tana maganin wata cuta ko tana ƙara ƙarfin maza. Abinci ce mai yawan sukari, wadda ba ta dace da mai ciwon sukari ba sai da shawarar likita, kuma wadda aka yi da zuma ba a bai wa jaririn da bai cika shekara ba.

INA KASUWAR TAKE?

Wasannin dogon zango suna ƙara samun karɓuwa a Nijeriya. An fara tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo a 2013, aka fara gudun famfalaki na birnin Legas a 2016, wanda dubban mutane ke shiga. Yankin Pankshin na Jihar Filato, maƙwabciyar Bauchi, ya yi suna wajen fitar da 'yan gudu. Jihar Bauchi kanta ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa a 2000. Ga ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa irin su Wikki Tourists da Kano Pillars, da ɗimbin ƙananan ƙungiyoyi na unguwanni, ga 'yan dambe da 'yan kokawa, ga wuraren motsa jiki da ke ƙaruwa a Kano da Abuja da Kaduna.

Duk da haka, 'yan wasa kaɗai ba za su riƙe masana'anta a ƙasar Katagum ba. Su dai suna ba haja suna da martaba, amma yawan ciniki yana wurin iri na biyu. Azare tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, inda direbobi da matafiya ke wucewa dare da rana. Akwai ɗalibai a makarantun kwana da manyan makarantu, da masu yi wa ƙasa hidima a sansaninsu na Wailo, da jami'an tsaro da ke bakin aiki a wurare masu nisa, da maniyyata aikin Hajji, da masu neman abin sahur da buɗa-baki a watan azumi. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da tashar mota da shagunan makarantu da gidajen mai, inda kuɗi ke dawowa da wuri, sannan a nemi manyan kantunan birni bayan an sami lambar NAFDAC.

YADDA AKE FITAR DA FARASHI

Farashin kaya yana hawa da sauka, don haka alƙaluman da ke tafe misali ne kawai na hanyar lissafi. Mu ƙaddara kayan haɗin kilo ɗaya sun ci naira 4,000. Leda da takarda naira 600. Niƙa da makamashi da ladan ma'aikata naira 900. Kuɗin mota naira 200. Jimla naira 5,700 ke nan. A takarda sanda 20 za a samu, amma a aikace akan yi asarar kamar ɗaya wajen yanka da ɓarnar gefe. Idan aka raba 5,700 gida 19, kowace sanda ta tsaya a kan naira 300. Idan aka ba 'yan sari a kan naira 375, ribar kilo ɗaya ta zama naira 1,425, kuma daga cikinta ne za a cire kuɗin haya da gyaran inji da kayan da suka dawo ba a sayar ba.

Kuskuren da ya fi yawa a ƙananan sana'o'in abinci shi ne mantawa da ladan mai aiki idan na gida ne, da kuma awo da mudu ko gwangwani a maimakon sikeli. Sirrin riba kuma yana ga lokacin saye. Gyaɗa da riɗi da gero sun fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. Wanda ya saya a lokacin, ya adana a busasshen wuri, ya tsira daga tsadar bazara da damina. Dabino ana samunsa a Dutse, inda cibiyar NIFOR take da reshen binciken dabino, da kuma wanda ke shigowa daga Jamhuriyar Nijar. Mazarƙwaila kuwa ta ƙasar Zazzau, musamman yankin Maƙarfi, ta yi suna.

Kayan aikin farko ba su da yawa: sikeli mai auna giram, da kaskon suya, da ƙaramin injin niƙa, da tire da wuƙa na bakin ƙarfe mara tsatsa, da injin liƙe leda. Ƙwararrun ma'aikata kuwa suna nan a cikin gidaje, domin matan Udubo da Gamawa da Azare, kamar sauran matan ƙasar Hausa, sun gaji sana'ar ƙuli-ƙuli da kantu da dakuwa. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a ƙungiyar gama kai, a horar da su kan awo da tsabta, a sama musu ɗakin aiki guda wanda zai cika sharuɗɗan hukuma. Hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan masana'antu, da Bankin Masana'antu, da shirin raya aikin gona na Jihar Bauchi, wurare ne da ya kamata irin wannan ƙungiya ta miƙa bukatarta.

Shawara ga mai son farawa ita ce ya yi kilo biyar na kowane iri, ya raba wa wata ƙungiyar ƙwallo da wasu direbobi da ɗalibai, ya saurari abin da za su ce game da tauri da zaƙi da girma, ya gyara, ya sake gwadawa. Sai haɗin ya tsaya a kan awo ɗaya sau uku a jere kafin ya kashe kuɗi a kan buga leda mai suna.